Sunan Hauwa'u a Cikin Kwamfutar Makarantarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Shirin Kwamfuta na Makarantun Karkara, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni malamin aji shida ne a wata firamare da ke bakin kanal ɗin ruwan noman rani tsakanin Kura da Bunkure. Ranar Litinin takardarku ta iso, cewa za ku ɗauke kwamfutar da kuka ajiye mana shekara biyu da suka wuce, wai yaranmu ba su karɓi wasan kumbon da ke cikinta ba. Hujjarku ita ce na'urar ta nuna ɗaliba ɗaya tak ta taɓa yin wasan. Na rubuto a fili ne domin sau biyu ina zuwa ofishinku ana ce mini ka fita.

Na ɗaya. Wasan minti goma sha biyar ne: yaro ya tuƙa kumbo daga Duniya zuwa Wata, zuwa duniyar Mas, har ƙarshe, kowace tasha da tambayarta. Mu kuwa awa ɗaya muke samun janareto ranar Laraba, ga yara arba'in da 'yan kai. 'Ya'yan manoman rani ne. Sun tashi suna ganin rabon ruwa: ka buɗe, gonarka ta sha, ka toshe, na ƙasa da kai ya samu. Haka suka raba wasan, ba wanda ya koya musu. Kowa tasha ɗaya, ya tashi, na bayansa ya zauna. Ba a sake rubuta sunan mai wasa a na'urar, domin mai laluben haruffa da yatsa ɗaya zai cinye rabon mutum biyu.

Na biyu. Jami'in da kuka turo ya zo ne ana tsakiyar ɗibar tumatir, aji ba kowa sai ni da benci. Ya kunna na'urar, ya kwafi abin da ya gani, ya hau babur. Da a ce ya dawo wata Laraba da yara ke aji, da ya ji gardamar da ake tafkawa kan busassun kwaruruwan Mas. Yaran sun yanke hukunci cewa kanal ne da na sama suka tare wa ruwa, kuma har yau ban iya raba su da wannan ra'ayi ba.

Na uku shi ne ya fi mini nauyi. Sunan nan ɗaya da kuka gani, Hauwa'u, 'yata ce. Ita ta fara zama gaban kwamfutar ranar da aka kawo ta, ta rubuta sunanta tana dariya. Ta rasu da daminar bara, zazzaɓi na kwana huɗu. Da aka dawo hutu na kai hannu zan goge sunan, 'yan ajin suka roƙe ni in bari, na bari. Tun daga nan duk Laraba allon yana yi mata maraba da sunanta, ni kuma ina tsaye a bayan aji. Da ranta ba ta taɓa wuce Mas ba, domin nan layinta yake faɗowa. 'Yan ajinta ne suka kai ta ƙarshe.

Ban ga laifin na'ura ba, abin da aka rubuta mata ta faɗa. Abin da ya yi mini ciwo shi ne ba wanda ya tambaye mu.

Roƙona biyu ne. Ka turo wani ranar Laraba da hantsi, bayan an gama tumatir, ya ƙirga kawuna da idonsa. In kuma lallai sai kun ɗauke ta, takardarku ta ce ana wanke duk abin da ke ciki kafin a kai wata makaranta. Don Allah a bar layi ɗaya, mai ɗauke da sunanta. Babu hoton Hauwa'u a gidana, littattafanta kuma ruwan sama ya cinye su. Abin da ta rubuta da hannunta, wannan kaɗai ya rage mini.

Allah Ya yi maka jagora, Ya raya maka zuri'a, kada Ya jarrabce ka da abin da Ya jarrabce ni.

Wassalam.

Naka,
Malamin aji shida, mahaifin Hauwa'u.