Zanen Mak Cik Sharifa da Na Kai wa Tela

Setapak, Kuala Lumpur

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, Allah Ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau. Maigidana Zulkiflu na fama da karatunsa, ni kuma ciki ya tsufa, sai addu'arki.

Inna, kaina ya ɗaure. Kin tuna Mak Cik Sharifa, dattijuwar maƙwabciyarmu da ta yi ta yi min dahuwa lokacin laulayi? 'Yar Terengganu ce, can bakin teku, inda sana'arsu rinin zanen da suke kira batik. Da narkakken kakin zuma suke zana fure a farin yadi, su rina, su tafasa kakin ya fita, su shanya a iskar teku. Kwanaki ta kawo min wani dogon zane ruwan ƙasa, mai laushi, ta ce da hannunta ta yi shi tana budurwa. A tsakiyarsa akwai jerin zane-zane masu tsini da suke kira kan zane.

To, ke kika koya mana cewa in an ba ka atamfa ka ɗinka ka sa, mai kyauta ya gani ya ji daɗi. Sai na kai wa tela ya yi min riga da siket, har da ɗankwali. Ranar Juma'a na ci ado, na ƙwanƙwasa mata ƙofa ina washe baki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta shafa hannun rigar, ta ce na yi kyau. Sannan ta tambaya ko telan ya bar ƙyallaye. Na kawo mata, ta karɓa ta rufe ƙofa.

'Yarta Surayya ce ta fayyace min daga baya. Ashe ba a sa wa irin wannan zane almakashi. Rataye shi ake yi ya zama shimfiɗar lilo ta jariri, kuma a cikinsa Mak Cik ta reni 'ya'yanta duka. Tsinin nan tohon gora ne, fata ne yaro ya tashi a miƙe. Ba ni ta ba wa ba, Inna, abin da ke cikina ta ba wa. Ni kuwa tohon gorar nan rabinsa na kafaɗata, rabi na kwandon tela.

Na je ba da haƙuri, ta ce babu komai, ta cika min kwano da shinkafa. Kullum sai ta aiko abinci, amma ta daina shigowa ta zauna. In sa kayan ne ta ga ina so, ko in ɓoye kada in tayar mata da hankali? Zulkiflu ya ce mu sayi sabo a kasuwa. Maza ke nan! Wallahi ina tsoron in haihu a ƙasar nan babu ita a kusa.

Ki gaida Kawu Bahauddeen, da Fatihu, da Zuhra sarkin surutu. Abdulrahman, ɗan garinmu da ke karatu a nan, zai dawo bayan hutu. Don Allah ki ba shi baƙin zanen nan na saƙi da kika goya mu da shi. Na san ba kya bari ko taɓa shi a yi. Zanen zan kai wa Mak Cik. In ta ga dama ta yanka, ba zan ce uffan ba.

Taki,
Ummukulthum