Sallamar Dela

Kazaure, watan Rajab, 1975

Zuwa ga Maikasuwa, a Ikko.

Malam Daudu tela ne yake rubuta mini. Na ce masa yadda na faɗa haka zai sa, kada ya yi wa maganata ado. Bayan gaisuwa, lafiyata ƙalau, ƙafar ce dai kamar kullum. Ka gaida Baraka da yara.

Direbanka ya kawo karen. Da ka ce za ka aiko mini da mai gadi na ɗauka mutum ne, har na sa aka share zaure. Sai ga dabba kamar maraƙi, an ɗaure masa baki. Wai sunansa Taiga. Wai shinkafa da nama yake ci. Ubanka, Allah ya jiƙansa, sai ran salla yake ganin shinkafa da nama.

Karen nan ba ya ƙaunar mutanen kirki. Duk wanda ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama, sai ya zabura kamar zai tsinke sarƙa, miyau na dalala. Mai ruwa ya daina kawo mini. Liman ya aiko wai mala'ikun rahama ba sa shiga gida mai kare. Na ce a gaya masa ko mai tallan ƙosai ma ba ta shiga. Dela, da muke kaɗi tare tun kana goye, yanzu ta katanga muke gaisawa kamar masu gaba.

Gidan siminti ka gina mini, na gode. Amma buhunan simintin da ka jibge a ɗakin baya, su karen yake gadi, ba ni ba. Ni ba mai sace ni. Ka aiko a ɗauke shi.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka, Shatu.

*

Ikko, watan Sha'aban

Zuwa ga mahaifiyata abar girmamawa,

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Baraka da yara suna durƙusawa suna gaishe ki.

Inna, don Allah ki ƙara haƙuri. Taiga ba irin karnukan mafarauta ba ne. Alsesha ne, asalin kakanninsa daga ƙasar Jamus, irin wanda 'yan sanda da manyan mutane suke riƙewa. A Kano na saye shi, hannun Falalu mai karnuka, wanda ya yi shekaru yana yi wa wani Bature aiki, kuma shi da kansa ya hore shi. Tun da kuɗin Udoji suka fito ɓarayi suka yi yawa, kuma kowa a Kazaure ya san gidan wa kike ciki. Baƙunta ce take damun sa, zai saba. Na sa a kawo sarƙa mai kauri.

Ki gaida mini Iya Dela, ki ce atamfarta tana tafe.

Ɗanki mai biyayya,
Muhammadu Lawal.

*

Kazaure, cikin azumi

Maikasuwa,

Malam Daudu ne dai. Gaisuwa. Karenka ya ciji Dela.

Ta je Gwiwa sunan jikarta ta daɗe, ta dawo da hantsi, ta zo kawo mini tsarabar daddawa a kwano. Ina madafa na ji muryarta, "Salamu alaikum, Shatu kina raye?" Haka take mini kullum. Sarƙarka mai kauri ba ta tsinke ba, ƙarfen da aka ɗaure ta a jikinsa ne ya fito daga bango. Kafin in fito ya kayar da ita. Ya kama ta a ƙwauri yana girgizawa yadda ake karkaɗe tsumma. Da taɓarya na yi ta dukansa, bai ko waiwayo ba, sai da maza suka shigo da itace. Na ga ƙashin Dela da idona.

Christy, nas ɗin da take haya a bayanmu, ita ta yaga zanenta ta ɗaure ƙafar, ta raka mu asibiti. An ɗinke, ana yi mata allura a ciki. Ƙafar ta kumbura, ta fara wari. An kulle karen a ɗakin siminti, ta taga ake jefa masa abinci.

Da yake na san ba zuwa za ka yi da wuri ba, na ja Malam Daudu muka hau motar Kano, muka yi ta tambaya har gidan Falalun naka. Ba gida ba ne, kango ne aka zagaye da langa-langa, wari tun daga titi. Bari in gaya maka Jamus ɗin da na gani. Wata karya ce ja, ramammiya, irin ta maharban Roni, tana kwance 'ya'ya na tsotsonta. Ƙananan kuma an tokare musu kunnuwa da kara an naɗe da filasta, don su miƙe kamar na karen Bature.

Muna tsaye ana horon wani. An ɗaure shi a turke. Sai ga wani ɗan dako, magidanci, ya naɗe hannu da buhu, yana riƙe da bulala. Ya turo ƙofa ya ce, "Salamu alaikum," ya hau karen da duka har ya yi fitsari. Ya fita. Ya sake turo ƙofa, ya sake sallama, ya sake duka. Kafin ya gama faɗin "salamu" kare ya riga ya haukace.

Na ce masa, "Kai bawan Allah, wa ya ce ka riƙa sallama?"

Ya ce, "Ba kowa, Iya. To in faɗo gidan mutane haka kamar akuya? Ba haka aka rene ni ba."

Na juya wajen Falalu na ce, "Ka ji? Ka koya wa kare cewa duk mai sallama maduki ne."

Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Haba Iya, ina kare ina sallama? Waɗannan Turanci kaɗai suke ji."

Na ce to ya zo ya yi masa Turancin ya ɗauke abinsa. Ya ce shi abin da ya fita daga hannunsa ba ya dawowa, kuma da ma mai zafi ka ce a ba ka. Haka ne? Kai ka ce mai zafi?

Ka zo, ko ka ba ni izini a kashe shi. Dela tana tambaya ko ka ji.

Shatu.

*

Ikko, ƙarshen azumi

Inna,

Bayan gaisuwa da ban girma. Wallahi hankalina ya tashi ƙwarai da jin abin da ya sami Iya Dela, Allah ya ba ta lafiya. Ga saƙo nan a ambulan, a biya asibiti, sauran a saya mata madara da bonbita.

Batun kashe Taiga, ina roƙon a dakata. Tun da yanzu an gano abin da yake tunzura shi, ai magani ya samu: a sanar da maƙwabta su riƙa ƙwanƙwasa ƙofa kawai, kamar yadda ake yi a nan Ikko, ba sai an yi sallama ba. Jiragen siminti sun cika tashar ruwa, ba halin in motsa yanzu. Da an yi salla zan zo in ga Falalu da kaina.

A gafarce ni.
Ɗanki, Muhammadu Lawal.

*

Kazaure, bayan salla

Maikasuwa,

Dela ta rasu ran Talata. Haƙoranta suka datse, bayanta ya sandare, ko ruwa ba ya wucewa. Ni na yi mata wanka.

Maganar a ce wa Musulmi su daina sallama, Malam Daudu ya karanta mini, na ce kada ya sake karanta wa kowa.

Na kira maharbi daga Roni. Ya ce ba zai shiga ɗaki mai duhu wajen wannan dabba ba, sai an fito masa da ita fili. Aka zare sakata da igiya, karen ya ƙi fitowa, ya lafe bayan buhunanka. Sai na je na tsaya tsakar gida na yi sallama. Ya fito. Maharbi ya saki bindiga, a gaban ƙafata ya faɗi. An jefa shi a rami bayan dutse.

Ga abin da ya rage. Maharbi na ba shi sarƙar, ya ce ta ishe shi. Christy tana bin ka zane. Abin da ke tsakaninka da Falalu ku kuka sani, kada ka sa ni ciki. Ambulan ɗinka na kai, Tasalla 'yar Dela ta dawo mini da shi ko buɗewa ba ta yi ba, yana wajen Malam Daudu. Kwanon daddawar yana hannuna, ni zan mayar.

Kai kuma Tasalla tana bin ka ta'aziyya, da ƙafarka, ba da direba ba. In ka je ka tsaya a ƙofa. In ba ta ce ka shigo ba, ka yi ta tsayuwa.

Shatu.