Saƙon da Kalla Ya Karanta

Litinin, 7 ga Oktoba
'Yata Jamilatu ta saya mini sabuwar waya. Wai saƙonmu a kulle yake tafiya daga unguwar Treichville zuwa Adjamé, ko kamfanin bai iya leƙawa, sai ni da ita. Na ce madalla, har da ni ɗin ma an kulle. 'Yata da Faransanci take rubutu, Hausarta ta gurgunce. Ni kuwa aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, na fito da tabon bulala.

Laraba, 9 ga Oktoba
Dogon saƙo ya shigo. Na miƙa wa Kalla maƙwabcin shagona ya karanta mini, yadda na saba shekara shida. Ya fara da ƙarfi, masu sayen buta suna tsaye, sai muryarsa ta sauka. Likita ya ga ƙullutu a ƙirjinta, za a gwada. Layin ƙarshe: "Baba, kada kowa ya ji."
Kalla ya karanta wannan ma.

Jumma'a, 11 ga Oktoba
Ya rantse matarsa kaɗai ya gaya wa.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Mata bakwai sun je yi wa Jamilatu sannu, har da surukarta da ta ɓoye wa zancen. Na hau gbaka, motar haya, na je. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Baba, da Maman tana da rai ita zan faɗa wa. Bakina ba ya iya faɗa maka, shi ya sa na rubuta." Na ce ai kamfani sun kulle ƙofa, sun manta da taga mai hula. Ba ta yi dariya ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Shiru. Na girgiza wayar sau biyu, kamar wawa.

Talata, 22 ga Oktoba
Saƙo, layi biyu. Kalla ya miƙo hannu, na ce zafi ake yi yau, na shige bayan shago. Tun azahar har la'asar ina haɗa baƙaƙe, ina faɗa a baki har su zama Faransancin kasuwa da na sani. Alhamis. Ƙarfe takwas. Asibiti. Akwai kalma ɗaya da ta ƙi ni, na bar ta, zan tambayi mai ita.
In an tambaye ni, ba wani abu ba ne, gilashin idon Kalla ne ya tsufa.
Jibi shago a rufe, asibiti za ni.