An Rage Mini Saki Biyu

Litinin, 2 ga Maris, 2009

"Malama, ko wasali ɗaya ba zan taɓa miki ba. Yadda kika rubuta, haka zan buga." Ndagi ne ya faɗa da bakinsa, a maɗaba'arsa da ke titin Bosso, ranar da na miƙa masa littafina. Har da dafa ƙirji.

Yau na karɓo shafukan gwaji don in duba kurakurai. Wasula suna nan lafiya lau. Saki biyu ne suka ɓace.

Shekara huɗu ina rubuta labarin Kafayatu, 'yar shekara goma sha ɗaya da auren iyayenta ya mutu. Don yara na yi shi, irin waɗanda nake koyarwa a ƙananan azuzuwan sakandare. A babi na biyu uban ya yi wa uwar saki uku. Da gangan na sa uku, don kada wani yaro ya yi ta karatu yana jiran uwar ta koma. A shafukan Ndagi saki ɗaya ne. Babi na goma sha biyu kuwa ban san shi ba, bai san ni ba: an yi biko, uwa ta koma ɗakinta, an yanka rago, Kafayatu tana rawa a tsakar gida.

Rawa!

Talata, 3 ga Maris

Na je bayan an tashi daga makaranta. Wai ya tafi Kaduna sayen takarda. Babur ɗinsa dai yana ƙofa, ƙila a ƙafa ya tafi.

Felicia mai buga rubutu a kwamfuta ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce, "Madam, ni aikina bugawa ne. Oga ya rubuta a bayan kalanda, ya ce in shigar." Sai ta rage murya: "Amma naki ya sa ni kuka. Nasa bai sa ni komai ba."

A bayan kalanda. Shekara huɗu tawa.

Alhamis, 5 ga Maris

Na kama shi yana cin masa, ba hanyar gudu.

Hujjarsa: akwai kwamitin da ke zaɓen littattafan da za a sa wa ɗalibai, kuma ba za su karɓi labarin da ya ƙare gida a rabe ba. Iyaye za su ce ana koya wa 'ya'yansu saki. "Malama, yara suna son ƙarshe mai daɗi. In ya shiga makarantu, dubbai za su karanta ki. In bai shiga ba, daga ke sai ƙawayenki."

Na ce a ajina na yara arba'in da shida, goma sha uku gida biyu suke kwana. Ni na koya wa iyayensu? Idan yarinya ta karanta cewa Kafayatu ta yi haƙuri, ta yi addu'a, uwarta ta koma, ita kuma tata uwar ba ta koma ba, me za ta ce wa kanta? Cewa za ta yi haƙurinta ne bai kai ba.

Ya ce in sha ruwa. Namiji in ya rasa amsa sai ya tuna kina jin ƙishirwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ya san abin da yake yi. Ya san ba a kome bayan saki uku, shi ya sa ya koma can babi na biyu ya zare biyu, a nutse, kamar mai cire ƙaya daga kifi. Wannan ba kuskure ba ne, sana'a ce.

Juma'a, 6 ga Maris

Ba wuta, ga zafi. Na murƙushe takardun jarrabawa da jan biro fiye da laifinsu.

Asabar, 7 ga Maris

Taron masu sha'awar rubutu, a wani ajin firamare da aka ba mu aro. Tun watan jiya suka roƙe ni in ba su ƙwarin gwiwa. Ni da nake neman wanda zan shaƙe.

Na dai faɗi abin da na sani. Kada ku jira sai kun sami tebur da shiru. Rabin littafina a kan buhun shinkafa na rubuta shi, tuwo yana kan wuta. Ku gama, ko da mummuna ne, don ana gyara mummuna amma ba a gyara babu. Ku ajiye kwafi biyu, ɗaya a gidan da mai maɗaba'a bai sani ba. Suka yi dariya, ni ban yi ba.

Wata ma'aikaciyar jinya, Jennifer, ta ɗaga hannu. Ta ce tana son rubuta labarin gidansu amma tana tsoron 'yan'uwanta. Na ce ki rubuta gaskiya, wanda ta taka ya janye ƙafarsa. Aka tafa mini. Na dawo gida Tudun Fulani ina jin kaina kamar wata sarauniya.

Lahadi, 8 ga Maris

'Yata Rashidatu ta zo daga makarantar horon malamai. Shekararta ashirin da biyu yanzu, goma sha ɗaya lokacin da babanta Zikrullahi ya sallame ni. Ban taɓa ba ta littafin ba, ban san dalili ba. (Na sani.) Yau na ba ta duka biyun, nawa da na Ndagi, don in sami mai taya ni zagi.

Ta zauna gindin mangwaro tun hantsi har la'asar. Ta shigo ta ajiye.

"Nasa ƙarya ne, Umma."

Na ce yauwa.

"Naki ma da saura."

Wai Kafayatun tawa ba yarinya ba ce, ni ce aka sa wa kayan makaranta. Tun babi na uku ta gane cewa rabuwar ita ce daidai, tana ta ba uwarta baki kamar wata tsohuwa. "Wace yarinya ce ba ta son su shirya? Ni ƙarshen Ndagi na yi ta roƙo a kowace salla har na shiga aji uku."

Sannan ta tambaye ni ko na tuna duk Lahadi in ta dawo daga gidan babanta a Chanchaga takan ce, "Baba yana gaishe ki."

Na tuna. Ban taɓa cewa ina amsawa ba. Tsaki nake yi.

"Bai taɓa aiko ni ba, Umma. Ko sau ɗaya. Shi ma in na je sai in ce kina gaishe shi. Sai ya ce in ce yana amsawa. Ni kuma in rasa yadda zan kawo miki amsar gaisuwar da ba ki aika ba."

Shekara uku tana dakon gaisuwar ƙarya daga Tudun Fulani zuwa Chanchaga, a motar haya, da jakarta a cinya.

Na ce ta je ta duba miya.

Litinin, 9 ga Maris

Ba ta da kunya. Uwarta za ta koya wa rubutu.

Laraba, 11 ga Maris

Da wa ma nake fushi? Da Ndagi, wannan tabbas. Da Zikrullahi, da bai iya ko aiko gaisuwa ba, alhali shekara uku ina taƙama a raina cewa yana can yana nadama ni kuma ina yi masa tsaki. Ashe tsakin ma a kan 'yata yake sauka.

Na sake karanta babi na uku zuwa na tara. Uwar ba ta yi laifi ko na ƙwayar gero ba a shafi tamanin. Ni da nake faɗa wa ɗalibai cewa tauraron da ba shi da aibi gunki ne.

"Wanda ta taka ya janye ƙafarsa." Bakina ya faɗa, gaban mutum talatin. In na ga Jennifer sai na ƙara mata da cewa wani lokaci ƙafar taki ce.

Asabar, 14 ga Maris

Kwana uku ina kan babi na bakwai. Yanzu Kafayatu tana kai gaisuwar da ba a aike ta ba. Uwar tana tsaki. Na bar tsakin yadda yake, ban yi masa kwalliya ba, ko da yake hannuna ya so.

Na kira Rashidatu a waya na nemi izninta, tunda abin nata ne. Ta ce in ɗauka, amma in sa cewa yarinyar tana maimaita kalmomin a mota don kada muryarta ta tona ta. Wannan ban san shi ba. Na sa.

Saki yana nan uku. Ba rago, ba rawa. Uwar ba ta koma ba, kuma ba laifin yarinyar ba ne, wannan na rubuta shi ɓaro-ɓaro yadda ɗan shekara goma zai gane.

Litinin, 16 ga Maris

Rashidatu ta biyo da safe, za ta Chanchaga kafin ta koma makaranta. Tana ɗaura ɗankwali na ce ta gaida mutanen gidan. Mutanen gidan na ce, ban ambaci sunan kowa ba. Ta tsaya tana kallona, na ce motar ba za ta jira ta ba.

Daga makaranta na wuce maɗaba'a, na ajiye sabon kwafi a kan teburin Ndagi, Felicia tana shaida. Ya fara zancen kwamiti, na ce kwamitin ya zo ajina ya ƙirga yara goma sha uku.

Na ba shi zuwa Juma'a, 20 ga wata, kafin a tafi masallaci. Ko in ga shafukan gwaji da saki uku da babi na bakwai yadda na rubuta, ko ya miƙo mini kayana. In ya miƙo, ranar Asabar Felicia za ta buga mini a shagon ƙanwarta, in yi kwafi arba'in da shida, in ɗinke su da zare da hannuna. Ranar Litinin in shiga aji in raba, mu fara daga babi na ɗaya.