Takardar Gidan Burodi

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Inna kuna lafiya. Ka yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar tsutsa, da hagu nake yi.

Sati uku ke nan injin murza kwaɓi na gidan burodinmu ya kama mini hannun dama. Yatsu biyu sun tafi. Murfin injin tun bara ya karye, mun yi magana har mun gaji. Manaja ya zo duba ni asibiti da ledar lemo, ya yi ta jajantawa, ni kuma na ce masa ba komai, tsautsayi ne, ni ce ma ban kula ba. To me zan ce wa mutumin da ya tako ya zo gaishe ni?

Jiya ya aiko da takarda da Turanci, wai in sa hannu kafin Litinin, sai a biya kuɗin magani. Ga kwafinta nan. Ka san inda Turancina ya tsaya. Mene ne "accept full responsibility", mene ne kuma "waive any claim"?

Ina kallonta sai na tuna ɗakinka na bakin ƙofa, lokacin kana tafinta a kotu: tafireta tana ƙwas-ƙwas, mutane jere a benci da takardunsu, da littafin nan naka na kalmomin shari'a mai baƙin bango. Kana ce musu kalmomin Turanci kamar takalmi ne, ba a sa ƙafa ɗaya. Wallahi na yi kewar ɗakin nan.

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da jaje. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Innarki tun da na karanta mata take kuka. Rubutu kuwa kada ki damu, ko da kina yi da dama ba wani kyau ne da shi ba.

Kada ki sa hannu a takardar nan. Jimlar farko tana nufin kin ɗauki laifin gaba ɗaya, ta biyu kuma kin yafe duk wani haƙƙin da za ki nema, yau da gobe. Maganar kunyar da kika yi a gadon asibiti suka ɗauka suka sa mata riga da wando.

Littafin yana nan, asu ya ci gefensa, tafireta kuwa ta zama wurin ajiye hula. Na buɗe shi na zaɓo miki abin da kike bukata. Kin ji rauni: "suffer an injury". Sakacinsu ya jawo: "caused by negligence". Kina neman diyya: "claim compensation". Idan alƙali ya yanke a biya ki, shi ne "award damages". Kowace da abokiyar tafiyarta, kada ki raba su. Ki haddace, ki kuma nemi lauyan ƙungiyar ma'aikata, don ni tafinta ne kawai, kuma na tsufa.

Kawunki

*

Kawu,

Na gode, Allah ya ƙara girma. Na haddace, har maƙwabta sun ɗauka makaranta na koma.

Amma gaskiya da nauyi. Shekara tara ina wurin nan. Manajan nan shi ya ɗauke ni aiki lokacin da babu wanda zai kalle ni. Da wane ido zan dube shi in ce sakacinsa ne? Baba ma ai da tsani ya karye da shi a sito, ƙafarsa ta lalace, haƙuri ya yi ya bar wa Allah, kuma bai mutu da yunwa ba. Ina ga zan sa hannun kawai a wuce wurin.

Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Tunda kin ambaci babanki, bari in faɗa miki abin da shekara talatin ban faɗa wa kowa ba.

Babanki bai bar wa Allah haka nan ba, sai da aka je kotu, kuma ni na tsaya masa tafinta. Tare muka tafi, na goya shi a kekena, yana ta yi mini tsiya wai ban iya birki ba. Lauyan masu siton ya tambaye shi ko yana ganin laifin wani. Babanki ya dubi maigidansa zaune da farar riga, kunya ta kama shi, ya ce, "Ba komai, haka Allah ya ƙaddara, ban riƙe kowa ba." Ni kuma na yi rantsuwa ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Na juya maganar yadda ya faɗe ta, tsaf, har ina jin daɗin Turancina. Ko minti goma ba a ƙara ba aka rufe shari'ar.

Ina da damar in roƙi alƙali a sake yi masa bayanin tambayar. Ban yi ba.

Kin ce bai mutu da yunwa ba. Haka ne. Amma ki tambayi yayarki abin da ya fitar da ita daga makaranta a aji huɗu. Har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Manajanki mutumin kirki ne, na yarda. Murfin injin dai bai gyara ba, kuma gobe wata ce za ta tsaya a wurin. Shawara ta rage gare ki.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa da ban girma. Na je ranar Litinin, ni da lauyan ƙungiya. Ban sa hannu ba. An ce sai wata mai zuwa za a zauna, ban san yadda za ta kaya ba, aikin ma ban sani ba ko yana nan.

Turancin duk na faɗe shi ba gargada. Abin da ya ba ni wuya gaisuwa ce. Ina shiga manaja ya miƙe ya ce, "Auta, yaya hannun?" Saura kaɗan in ce da sauƙi. Sai na ɗora masa shi a kan tebur, na ce, "Ranka ya daɗe, bai warke ba."

A gaishe da Inna.

'Yarka,
Auta