Alamar da aka sa wa aikina

Daejeon

Zuwa ga 'yata Na-gyeong,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikana. Ubangiji ya kare ku daga sanyin Montreal. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarki ta gama haɗa kimchi, kabejin da muke jiƙawa da yaji don hunturu, ita da gwaggonki, gwiwar mahaifiyar taki kuma ta yi sauƙi.

Dalilin rubuto miki shi ne wata matsala irin ta fanninki na kwamfuta da ta ɗaure mini kai. Kin san tun da na yi ritaya aka bar mini damar amfani da babbar kwamfutar sashenmu na jami'a, wadda ɗalibai duka ke aiki a kanta, ina ci gaba da lissafina na igiyar ruwan teku a gaɓar yamma. Kwanan nan ta riƙa sandarewa, ba mai iya shiga. Na tarar da wata ɗaliba, Eom Da-som, ta haɗa kai da tebur, domin lissafin kundin digirinta yana mutuwa kafin ya kai ƙarshe. In ba ta miƙa shi a watan nan ba, sai ta ƙara zango guda.

Na kira Pyo, mai kula da na'urar. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce idan ƙwaƙwalwarta ta cika, takan kashe aikin da ya fi ci domin saura su rayu. Na ce ai wannan adalci ne. Sai ya sunkuyar da kai ya ce aikina ne ya fi ci, amma an sa masa alamar kada a taɓa shi, don haka na yara take bi tana kashewa, in bai isa ba ta sandare. Na tambayi wanda ya sa alamar, kowa ya kama kallon takalminsa.

Na umarci Pyo ya cire ta. Ya rusuna ya ce zai duba, kin kuwa san ma'anar wannan: ba zai taɓa ta ba. Na je wurin shugaban sashe, Farfesa Ma, tsohon ɗalibina, na ce a yanka wa kowa rabo daidai wanda ba zai wuce ba. Ya zuba mini shayi da hannu biyu, ya ce shawara ce mai kyau, sannan ya tambayi girman rabon da ya dace da malaminsa. Na rasa ko ni ne ban iya bayani ba. Da na ba mahaifiyarki labari, ta yi dariya har da hawaye, wai tsoho ya zauna kan tukunyar shinkafa yana tambayar abin da ya ramar da yara.

Na yi tunanin janye aikina, amma Da-som ta roƙe ni kada in yi, wai za a ce ita ta kori farfesa. To ina zan sa kaina?

Saboda haka ki rubuto mini ainihin abin da ake bugawa a cire alamar nan, a kuma sa wa aikina iyaka, harafi bayan harafi, da manyan baƙaƙe. Babu wanda zai ɗaga hannu a kaina a ɗakin nan, sai in ɗaga da kaina. Ki hanzarta, watan ya yi nisa.

Ki gaishe da maigidanki Hyeon-gu, ki shafa mini kan jikana Si-won. Mahaifiyarki da gwaggonki Mal-sun suna gaisuwa.

Mahaifinki,
Seok Byeong-hak