Tukunyar da Ka Fasa

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jikinka, yaya matarka da jikokina? Ni dai sai ƙafar nan. Ina ɗakin ƙanwata tun ranar da na bar gidanka. Telan ƙofar gida ne ke rubuta min, na ce masa kada ya gyara min magana ko ɗaya.

Ka tuna tukunyata ta ƙasa, mai baƙin gindi, wadda marigayi ubanka ya saya min? Shekara talatin ina dafa tarwaɗa a cikinta ina sayarwa a bakin tasha, tun kana goye. Ita ta kai ka makaranta, har ka iya karatun da ka dawo kana yi min. Da ka shiga sabuwar majami'arku, sai kifi marar ɓawo ya zama ƙazanta, wai Musa ya hana. Ka ɗauko tukunyata a gaban 'ya'yanka ka buga da ƙasa, wai haka Littafi ya ce a yi wa tukunyar da ƙazanta ta taɓa. Matarka ta share gutsattsarin, ta ware min kwano da cokali a bayan ƙofa kamar kuturwa.

Ni ban yi boko ba, amma kunnena ya yi shekara sittin a coci. Na ji an sauko wa Bitrus da mayafi cike da dabbobi, aka ce abin da Allah ya tsarkake kada ya kira shi ƙazanta. Na ji Ubangiji ya ce abin da ke fitowa daga baki ne ke ɓata mutum, ba mai shiga ba. Na faɗa maka, ka ce tsufa ne.

To, saurara. Wata biyun da na ƙara a gidanka, miyar nan da kake suɗe kwano kana yabon matarka, ni ce nake daka busasshiyar tarwaɗa, in ta juya baya in barbaɗa. Ba tukunya, ba faranti da bai sha ba, har tangaran ɗin aurenta. Ɗauko taɓarya, aiki ya same ka.

In ka gama da su, saura ɗaya. Kai ma da ƙasa aka yi ka, kuma romon nan na ɗura maka tun ba ka da haƙori. Ka nemi mai buga ka da ƙasa, ni hannuna ya gaji.

Kada ka zo ɗaukata. Ka gaida yara.

Ni ce uwarka,
Mai Tarwaɗa